Zaure, Ɗaki da Ƙyaure: Yadda Na Ga An Gina Zuciya Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya zauna ajin nazarin ma'ana ya san cewa zuciya na daga cikin kalmomin da Bahaushe ya fi ɗora wa kaya. Idan mutum ya fusata, a ce ya yi zuciya. Idan ya kasa neman na kansa, a ce zuciyarsa ta mutu. Akwai mai taurin zuciya, akwai mai son zuciya, akwai kuma wanda zuciyarsa ta karaya. Amma da aka zo kan murna da damuwa sai Bahaushe ya gangara ƙasa kaɗan, ya ce farin ciki da baƙin ciki. Ni da na tashi da Fulatanci a gida, inda daɗin rai da ɓacinsa duk a ɓernde ake jin su, na daɗe ina sha'awar wannan rabon gado da Hausa ta yi tsakanin zuciya da ciki. Hausa a waje na koye ta, a firamare da layin famfo da kasuwar Mubi, inda Gude da Fali da Margi da Higi da Fulani ke haɗuwa su yi ciniki da harshen da ba shi suka sha a nono ba.

Sai dai duk wannan yalwar kalmomi ta zuciyar da ba a gani ce. Ita tsokar da ke cikin ƙirji, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, take kuma bugawa kusan sau dubu 100 a kowace rana, abin da muke da shi a kanta bai taka kara ya karya ba. In ka wuce zuciya da jini da jijiya da bugu, to sai lalube. Abin da ya jefa ni cikin wannan lalube shi ne rashin lafiyar yayata da kuma aikin kammala karatu na wata ƙawata, kuma labarinsu ne nake son ba 'yan'uwana ɗalibai.

Ciwon Adda

Adda, wato yayata, ta haihu a daminar 2023, haihuwarta ta uku. An yi suna lafiya. Kafin ta yi arba'in sai ƙafafunta suka kumbura, tari ya hana ta barci, ba ta iya kwanciya sai an jingina mata matasai uku, daga ɗaki zuwa madafa kuwa sai ta tsaya ta yi haki. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, don haka a ƙara wa ruwan wanka zafi, a ƙara kanwa a kunu. Da abin ya ci tura aka kai ta asibiti a nan Mubi, su kuma suka tura mu Yola. Muka bi ta Mararraba da Hong da Gombi da Song, tafiyar kusan kilomita 200, Adda na zaune a miƙe ta kasa jingina, jaririya na hannun Inna.

Ni aka ɗauka a matsayin tafinta, domin Inna ba ta jin Turanci, Hausarta kuma ta ciniki ce, shi kuwa likita ba ya jin Fulatanci. Ya shafa wa Adda wani abu mai yauƙi a ƙirji, ya ɗora kan na'urar eko, wadda ke aika sauti cikin jiki ta mayar da amsa-kuwwarsa hoto. Abin da muka gani a allo kamar hazo ne mai motsi. Ya yi 'yan aune-aune, sannan ya ce da Hausa:

"Mama, zuciyar 'yarki ta buɗe, ba ta matsa jini yadda ya kamata."

Na juya maganar, Inna ta yi shiru, can ta ce in tambaye shi: zuciyar da ke rufe cikin ƙirji, wa ya buɗe ta, kuma ta ina ya leƙa ya gani? Likita ya yi murmushi ya ce ba buɗewa irin ta ƙofa ba ce, faɗi ta yi. Ya zana wani abu kamar mangwaro a bayan takarda, ya rubuta 30 a gefensa, ya ce mai lafiya yakan kai 55 ko fiye. Ya rubuta magunguna, ya kafa sharuɗɗa uku: kada a daina shan magani ko kumburi ya saɓe, a rage gishiri a bar kanwa, kuma kada a sake ɗaukar ciki sai an sake hoto ya ba da izini. Mutane sun cika benci a waje suna jira, muka yi godiya muka fito.

Daga baya na gane cewa wannan ciwo, wato gazawar zuciya a ƙarshen goyon ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, arewacin Nijeriya na daga cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970, likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, musamman Davidson da Eldryd Parry, sun rubuta cewa yana kama kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da suka haihu a cikin Hausawan yankin, suka kuma danganta shi da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta da kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi daga baya ya nuna cewa al'adun nan ba su ne tushen ciwon ba, ya kuma ja hankali zuwa ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, don haka ba abokiyar zuciyar da ta riga ta gaji ba ce.

Bayan wata biyu kumburi ya saɓe, haki ya ragu. Adda ta ce ai ta warke, me za a yi ta haɗiyar ƙwaya ana shayarwa? Uwar mijinta ta ce ba a taɓa jego babu kanwa ba. Na maimaita musu maganar likita da Fulatanci, na maimaita da Hausa, amma maganar ba ta zauna ba, saboda kowa na duban ƙafa, ƙafa kuwa ta koma daidai.

Aikin ƙawata

A lokacin ne ƙawata da muke ɗaki ɗaya, 'yar Michika mai karatun kimiyyar kwamfuta, ta fara aikinta na kammalawa, wato gina siffar zuciya mai tsawo da faɗi da kauri daga hotunan asibiti. Da yake Hausa ce ta haɗa mu a ɗaki, da Hausa take yi mini bayani, inda kalma ta ƙare mata sai ta ce, "Ke ce mai Hausa, ba ni suna." Ga yadda aikin yake kamar yadda na gan shi.

Mataki na farko shi ne samun hotunan. Hoton ƙashi da muka saba da shi inuwa ɗaya ce, gaba da baya duk sun haɗu a wuri guda. Akwai na'urori biyu da ke ɗaukar jiki yanka-yanka ba tare da wuƙa ba. Ɗaya ita ce siti-sikan, wadda injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan a 1971. Ɗayar kuma em-ar-ai, wadda ke amfani da ƙaƙƙarfan maganaɗisu da igiyar rediyo ta saurari ruwan da ke cikin tsoka. Mai karatu ya ƙaddara burodi ne aka yanka fale-fale. Kowane yanki shimfiɗaɗɗen abu ne, amma in ka jera su yadda suke, burodin ya dawo. Ƙawata ta sauko da nata hotunan ta intanet daga wani rumbu da asibitin jami'a na birnin Dijon a Faransa ya sakar wa masu bincike a 2017. Hotunan em-ar-ai ne na mutum 150 da aka goge sunayensu, an kasa su gida biyar, har da na masu lafiya da na waɗanda zuciyarsu ta yi faɗi. Kowace zuciya yanka kimanin goma ce, kaurin kowane yanki tsakanin milimita 5 zuwa 10, kuma an ɗauki kowanne sau da yawa cikin bugu ɗaya, daga cika zuwa matsawa.

Mataki na biyu shi ne mafi cin rai, shi muka sa wa suna shata iyaka. Kwamfuta ba ta san tsoka ba, ba ta san jini ba. Abin da take gani ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da lambar haskensa, kuma tun da yanki na da kauri, kowane ɗigo a haƙiƙa ɗan tubali ne. Aikin mai shata iyaka shi ne ya bi yanki-yanki yana shafa launi, ja ga jini, kore ga tsoka, kamar mai unguwa na raba gonar gado. Tana yin wannan da wata manhaja ta kyauta mai suna 3D Slicer. A tsakiyar zuciya iyakar a fili take, amma can ƙasa wajen tsini da can sama wajen ƙofofi sai ta dushe, ga kuma wasu 'yan ginshiƙan tsoka da ke tsaye cikin jini, sai an yanke shawara ko da tsoka za a lissafa su ko da jini. A yau akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke shata iyakar cikin daƙiƙoƙi, amma malaminta ya ce sai ta yi da hannu tukuna, ta gwada nata da wanda ƙwararren likita ya shata.

Mataki na uku shi ne saƙa. Idan aka ɗora tubalan nan kan juna, abin da ke fitowa kamar matakalar bene ne. Sai kwamfuta ta bi tubali-tubali tana lulluɓe bayansu da ƙananan alwatika dubbai, har su zama raga. Dabarar da aka fi sani ta yin wannan, William Lorensen da Harvey Cline ne suka fito da ita a Amurka a 1987. Daga nan sai a goge ragar ta yi sumul, amma da lura, domin in gugar ta yi yawa zuciyar za ta rame, lissafi ya ɓaci. Daren da ta gama wannan mataki, wuta ta dawo wajen ƙarfe ɗaya, ta tashe ni daga barci. Na ga abu kamar tulu mai tsini yana shawagi cikin baƙin allo, tana juya shi da yatsa, tana yanka shi biyu muna leƙa ciki.

Mataki na huɗu shi ne awo. A nan ne na fahimci 30 ɗin da likita ya rubuta. Alal misali, idan ɓangaren hagu na ƙasa ya cika da jini mililita 120, ya matsa ya bar 50, to ya tura 70 ke nan, wato kashi 58 cikin 100 na abin da ya ɗiba. Wannan muka kira kason turi. Zuciyar da ta yi faɗi tana iya ɗibar ninki biyu na haka, amma abin da take turawa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ragowar sai ya tare hanya, jinin da ke zuwa daga huhu ya rasa wurin shiga, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, shi ne haki da tari. In mutum ya kwanta, ruwan da ya taru a ƙafa ya gangaro ƙirji, shi ya sa Adda ba ta iya barci sai a jingine.

Inda aikin ya kai a duniya

A nan ƙarfin kwamfutar ƙawata ya tsaya, amma a manyan cibiyoyin bincike wannan somin-taɓi ne. Abin da suke nema shi ne zuciyar cikin kwamfuta ta buga da kanta, a gwada mata magani ko tiyata kafin a taɓa mai ita. Wannan shi ne gwajin kwaikwayo. Don yin haka sai an cika cikin ragar da ƙananan dala masu fuska huɗu, wani lokaci miliyoyi, a gaya wa kowace inda zaren tsokarta ya fuskanta. Zaruruwan tsokar zuciya a karkace suke, na ciki sun karkata wani gefe, na waje sun karkata ɗaya gefen, shi ya sa zuciya ke murɗawa in za ta tura jini, kamar mace na matse wanki. Sannan a sa lantarki. A saman ɓangaren dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke ba da umarnin kowane bugu, shi muka kira makaɗin zuciya, domin aikinsa irin na mai gangar noma ne a wurin gayya: ya buga, fartanya ta sauka tare.

Wanda ya fara rubuta lissafin bugun ƙwayar halittar zuciya shi ne Denis Noble, a 1960, yana ɗalibi a Landan, kuma cikin tsakar dare kawai ake ba shi damar amfani da kwamfutar jami'a. A 2016, Farfesa Natalia Trayanova da ayarinta a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gina zukatan mutum 41 waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa ta bar musu tabo. Suka riƙa tsokanar kowace da lantarki daga wurare daban-daban don su ga wadda bugunta zai rikice, kuma hasashensu na waɗanda ke cikin haɗari ya fi wanda ake yi da kason turi kawai. Haka nan kamfanin HeartFlow na karɓar hoton siti-sikan, ya gina jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya, ya lissafa ko ƙuncin da ke cikinsu ya isa ya tauye jini, ba tare da an zura wa mutum waya ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014, Ingila ta bi sahu a 2017. Masana na kiran irin wannan siffa abokiyar tagwaitakar zuciya. Ƙawata ta ce to ta ƙirji ita ce Hassana, ta kwamfuta Usaina. Sai dai ko tagwaye halinsu kan bambanta. Hoton asibiti na yau da kullum ba ya nuna karkatar zaren tsoka, ƙa'ida ake bi a ɗora shi, kuma duk kuskuren da aka yi wajen shata iyaka zai bi Usaina har ƙarshen lissafi.

Neman suna

Da jerin kalmominmu ya fara tsawo sai na kai wa malaminmu na fassara. Ya tuna mini cewa ba mu ne farau ba. Tun ƙarshen shekarun 1940 Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da Hausa, kuma a 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda daga cikinsa muke shan kalmomin da muke rubuta jarrabawa da su. Ya ba ni shawara biyu: in binciki asalin kalmomin da likitoci ke amfani da su, kuma in gwada duk abin da na ƙirƙira a kan wanda bai yi boko ba.

Binciken asalin ya ba ni mamaki. Ɓangaren sama na zuciya, wanda ke karɓar jini, sunansa na likitoci atrium, kuma a harshen Latin wannan shi ne filin da baƙo ke fara shiga a gidan Rumawa. Kalmar da suke kiran marfin da ke hana jini komawa baya ta fito ne daga valva, wato ɓarin ƙofa. Shingen tsakiya kuwa septum, ma'anarsa danga. Ashe su ma daga gida suka ɗebo kalmominsu, tsufa ne ya sa suka zama kamar na malamai. Larabawa kuma suka duba jiki, suka kira ɓangaren sama ƙaramin kunne, na ƙasa ƙaramin ciki.

Saboda haka muka bi gidan Bahaushe. Zuciya gida biyu ce masu katanga ɗaya, kowane gida da zaure da ɗaki. Zauren dama na karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya miƙa wa ɗakin dama, shi kuma ya tura huhu. Zauren hagu na karɓar wanda ya sha iska daga huhu, ya miƙa wa ɗakin hagu, shi kuma ya tura ko'ina cikin jiki. Akwai ƙyaure huɗu, kowanne gefe ɗaya yake buɗewa. Babu ƙofa a katangar tsakiya, kuma Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana cewa jini ba ya ratsa ta, ta huhu yake zagayawa, saɓanin abin da aka gada daga Jalinus. Da wannan gida ana iya bayyana ciwuka da dama. Jaririn da aka haifa da ɓula a zuciya, katangarsa ce ba ta gama haɗewa ba. Yaron da ciwon maƙogwaro ya yi ta kama shi ba a yi magani ba, har ya taɓa masa zuciya, ƙyaurensa ne ya kangare, ko ya ƙi rufuwa ko ya ƙi buɗewa sosai. Jijiyoyin da suka naɗe zuciya suna ciyar da ita, waɗanda Latin ta kwatanta da kambin sarauta, muka ce jijiyoyin rawani.

Kalmar jijiya ita ta fi ba mu wahala, domin a Hausa ita ce hanyar jini, ita ce mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita ce mai ɗaure tsoka da ƙashi, har saiwar itace ma jijiya ce. Muka raba su: jijiyar kai-jini, jijiyar dawo-da-jini, jijiyar saƙo.

Don gwaji, muka je wurin wani mahauci muka sayi zuciyar sa, Mubi kuwa ba a rasa shanu. Na roƙe shi ya tsaga mana ita a tsaye, na tambaye shi sunayen sassan. Ya ce, "Malama, mu dai zuciya muka sani, sai kitse, sai jijiya." Amma da na nuna masa zaure da ɗaki da ƙyaure, nan take ya karɓe bayanin daga bakina, ya sa wuƙa ya ɗaga wani farin fata-fata mai zaruruwa ya ce, "To ga ƙyauren naku har da igiyarsa." Ya ƙara da cewa ɗakin hagu ya fi nama. Haka yake, kaurin bangonsa ya kai kusan ninki uku na dama, saboda shi ke tura jini har tafin ƙafa.

Ranar da na kai gida

Ƙawata ta haɗa mini ɗan gajeren bidiyo a waya, zukata biyu gefe da gefe, ta mai lafiya da mai faɗi, suna bugawa tare. Ran Juma'a da yamma na kai gidan Adda, na tarar da Inna da uwar mijin, mijin ma ya shigo. Na ce musu tun farko wannan ba zuciyar Adda ba ce, ta wasu mutane ce a Faransa, amma ta hannun hagu irin larurarta ke gare ta. Suka karɓi wayar suna miƙa wa juna. Ta dama tana tsukewa tana murɗawa, ta hagu kuwa ta yi tulu, bangonta ya yi siriri, sai ɗan motsi take yi kamar mai jin nauyi.

Inna ta kalla sau uku, sannan ta ce, "Wannan ai tsohuwar salka ce, ta saki."

Uwar mijin ta ce, "To ba ga ƙafa ta saɓe ba?"

Na ce, "Goggo, maganin fitsarin nan ne ke kwashe ruwan. Kamar ɗaki ne mai yoyo ana kwalfewa, ƙasa ta bushe amma rufin na nan yadda yake. Kanwa kuma ƙara ruwan take yi."

Mijin bai ce komai ba sai da zan tafi, ya raka ni zaure ya tambaye ni yaushe ne ranar komawa Yola. Ba a sake jiƙa kanwa a gidan ba. Adda ta ci gaba da shan magani, kuma da aka sake hoto bayan shekara guda, lambar ta haura 45. Likita ya ce an samu ci gaba amma da saura. Magani da ikon Allah ne suka yi wannan aiki. Abin da bidiyon da kalmomin suka yi shi ne sun hana a ajiye maganin. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, amma na lura ko ganin ma sai da aka raka shi da sunan da mai kallo ya sani.

Zuciyar wa za a gina?

Tambayar da ta tsaya mini ita ce, me ya sa sai da muka ari zuciyar Bafaranshe kafin mu yi wa Bafulatana bayanin tata? Manyan rumbunan hotunan da ake koyar da kwamfuta da su daga Turai da Amurka suke. A 2021 masu bincike a King's College ta Landan suka nuna cewa manhajar da aka horar da hotunan rumbun UK Biobank, wanda mafi yawan mutanensa fararen fata ne, ba ta shata iyakar zuciyar baƙar fata daidai kamar yadda take yi wa ta farar fata. Ciwukan da suka fi damun mu, irin na Adda da na kangarewar ƙyaure, ba su ne suka fi damun su ba. Nijeriya ta yi tiyatar buɗe zuciya ta farko tun 1974 a Inugu, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub ɗan Masar, don haka ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba.

Ranar da za a fara tara hotunan zukatanmu a Yola ko Kano ko Maiduguri, dole wani ya zauna gaban mace irin Adda ya gaya mata abin da za a ɗauka, da inda za a kai shi, da wanda zai gani, da kuma cewa tana da ikon ta ce a'a. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗauki bayanan lafiya a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman. Arewa kuma ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, da irin rashin yardar da ya haifar. Yardar da aka karɓa da harshen da mutum bai fahimta ba, dangwala yatsa ce kawai.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana, musamman masu shiga aji huɗu, ita ce mu riƙa leƙa sassan kimiyya da makarantar koyon aikin lafiya da ke nan garin idan muna neman batun bincike. Kowane ɗakin awo da kowane kantin magani cike yake da maganganun da ake juyawa a tsaye, ba ƙamus ba shiri. Mu da Hausa ta zame mana harshe na biyu muna da wata riba a nan, domin mun saba tsayawa tsakanin harsuna, kuma mun san inda magana ke zubewa in ana miƙa ta.

Jerin da muka tara ya kai kalma 34, na bar kwafe wurin sakataren Ƙungiyar Hausa don duk mai son gyara ko ƙari. Guda ɗaya ce har yanzu muke gardama a kanta. Lokacin da ɗaki ke tsukewa ya tura jini mun kira shi matsa, kowa ya yarda. Lokacin da yake saki ya cika kuwa, ƙawata ta ce hutu, ni na ce ba hutu ba ne tun da aiki ake yi. Na kawo shaƙa, malam ya ce wannan ta huhu ce. Mahaucinmu ya ce ɗiba. Wanda ke da wadda ta fi waɗannan, ya aiko wa editan wannan mujalla kafin fitowa ta gaba.